Babbar Kyamara Ko Mai Ciyar Da Gida? Lissafin Mai Hoto a Malanbil

Daga Tumbutu ta ƙasar Benin, ba Tambutun Mali ba, har zuwa cikin garin Malanbil da ke bakin kogin Kwara, aikin mai ɗaukar hoto sananne ne: hoton fasfo da na katin shaida, biki da suna, saukar Alƙur'ani, sai ɗan kasuwar da ke son a ɗaukar masa buhunan albasa ko shinkafa ya tura wa abokin cinikinsa a Gaya ko Kamba ko Kwatano. Da wannan ake cefane. Amma gardamar ƙwararrun masu hoto na duniya ta iso nan ma, har yaran da ke koyon sana'ar sun fara tambayar iyayen gidansu: "Maigida, wai gaskiya ne midiyom-fomat ta fi ful-firem?"

Ta fi ta, ta wani ɓangaren. Sai dai a tsaya a ga ko ɓangaren ya shafe mu.

Bambancin duka yana cikin ɗan allon da ke bayan gilashin kyamara, wanda ake kira sensa. Shi ne ya gaji fim, shi ke karɓar haske ya mai da shi hoto. Sensar ful-firem tana da tsawon milimita 36 da faɗin 24, daidai da girman nagatif ɗin fim mai milimita 35 da kamfanin Leica na Jamus ya yayata tun 1925. Ita kuwa midiyom-fomat, wadda Fujifilm da Hasselblad suka fi sayarwa a yau, sensarta ta kai kimanin milimita 44 da 33, wato ta fi waccan fili da kusan kashi 70 cikin ɗari. Akwai ma ta kamfanin Phase One na Denmark mai milimita 53 da 40.

Haske yana sauka a kan sensa ne kamar ruwan sama a kan mazubi: mai faɗin baki ya fi tara ruwa a lokaci guda. Idan hasken da aka tara ya yi yawa, ɗige-ɗigen nan masu kama da yashi da ke ɓata hoton dare sai su ragu, launi ya fito da laushi. A ƙasarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka tsayar da ango baƙi wuluk cikin farar shadda da tsakar rana, za ka ga inda kyamara ke shan wuya: in ta gyara fuska sai riga ta ƙone ta zama fari fat babu aiki, in ta kama aikin wuyan riga sai fuska ta nutse. Babbar sensa ta fi iya riƙe su biyun a hoto guda. Ga kuma yawan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, wanda ake aunawa da megafiksel. Fujifilm GFX100 mai midiyom-fomat da ta fito a 2019 tana da megafiksel 102, yayin da a ɓangaren ful-firem Nikon D850 ke da kusan 46, Sony A7R IV kuma 61. A hoton GFX, ana iya ƙidaya zaren ɗinkin hula.

Tsoffin masu hoto na Afirka ta Yamma ba baƙin wannan girma ba ne. Malick Sidibé na Bamako, wanda ya samu kyautar Hasselblad a 2003 da Zakin Zinariya na Venis a 2007, ya yi suna da hotunansa masu kusurwa huɗu daidai, na nagatif mai santimita 6 da 6, irin na kyamarar Rolleiflex. Seydou Keïta ma nagatif ɗinsa ya fi haka girma, santimita 13 da 18. A Yamai, Philippe Koudjina ya adana rayuwar daren birnin ta shekarun 1960 da 1970. Abin da ya sa ake iya wanke hotunan su Keïta manya-manya a rataya a gidajen tarihi na Faris da New York, shekaru da dama bayan ɗaukarsu, shi ne girman nagatif ɗin ya riƙe komai, har zanen atamfa. Wanda duk ya ce girman sensa zancen banza ne, bai ga waɗannan hotuna ba.

To amma ina hoton mai hoton Malanbil yake ƙarewa? Galibi a WhatsApp, wanda ke matse hoto ya zubar da mafi yawan ɗigoginsa kafin ya isa wayar amarya. Sauran kuma a albam ko a firam ɗin falo. Lissafin a bayyane yake: kyamara mai megafiksel 24 tana ba da ɗigo 6,000 a kwance 4,000 a tsaye, wanda ya isa a wanke hoto tsaf mai santimita 50 da 34. Mai 102 za ta kai kusan mita guda. Mutum nawa ne a yankinmu na Alibori suka taɓa neman hoton mita guda da za a duba da hanci a jikinsa? Allon tallan 'yan siyasa ma daga nesa ake kallonsa.

Sai kuɗi. GFX100 ta fito a kan dala dubu goma na Amurka. Ƙanwarta GFX100S ta fito a 2021 a kan dala dubu shida, fiye da miliyan uku na sefa, ba a sa gilashi ba. Cikakken kayan Phase One kuwa ya kai dala dubu hamsin. Kowane hoto guda da ba a matse ba yana cin kusan megabait 200, don haka bikin kwana ɗaya zai cinye katin ajiya, ya buƙaci kwamfuta mai ƙarfi da wutar da ba ta ɗaukewa. Ga ƙurar hunturu, ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40. Idan ta lalace, Kwatano tana nesa da fiye da kilomita 700, kuma mai gyaran da ya saba da Canon da Nikon ba lalle ya yarda ya buɗe cikin Hasselblad ba. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da rufe gadar Gaya da ya biyo baya, zirga-zirgar da ke kawo ciniki ta koma ta jirgin ruwa, ba lokacin binne jari a abu guda ba ne.

Akwai kuma sauri, wanda masu yabon babbar sensa ba su cika ambata ba. GFX100S tana ɗaukar hoto biyar a daƙiƙa. Sony A1 mai ful-firem tana ɗaukar talatin, kuma idonta ya fi saurin bin abin da ke motsi. Ɗan kokawa ba zai tsaya a sama ya jira ka ba, haka 'yan matan amarya da ke rawa a hasken ƙwan fitila ɗaya. Gilasan ful-firem masu buɗewa sosai su sha haske suna da yawa, ana samun na hannu da araha, kuma da su ratar da ke tsakanin sensocin biyu a hoton dare tana kusan rufewa. Dogayen gilasan ɗauko tsuntsu ko giwa daga nesa, irin aikin gandun dajin W, su ma a ɓangaren ful-firem suka fi yawa.

Midiyom-fomat tana da gurbinta: mai sutudiyon da ke ɗaukar tallan yadi da kayan ado, ko mai adana tsoffin rubuce-rubucen ajami inda kowane wasali ke da muhimmanci, ko mai shirin baje kolin hotuna a bango. Waɗannan ma, a manyan birane, da yawansu haya suke ɗauka na kwana biyu su mayar.

Ga mai hoton Tumbutu da Malanbil, shawarata ita ce ful-firem ta hannu mai lafiya, irin jerin Canon 5D da aka fara a 2005 ko Nikon D750, da gilashi mai milimita 50 ko 85, da fitilar filasha mai kyau, da batir biyu, da jakar da ƙura ba ta shiga. Canjin da ya rage a sayi faifan ajiya a riƙa adana ainihin hotunan, domin na cikin waya ba sa wuce ranar da wayar ta faɗa kogi ko aka sace ta.