Wa Ke Biyan Kuɗin Kare Yara A Intanet?

Wani manomi daga Bungudu ya aiko yana cewa ɗansa ba ya ajiye waya, shin gwamnati tana kashe wani abu don kare yara a intanet kuwa?

To Malam, tana kashewa, kuma da guminka a ciki. Kamfanonin waya irin su MTN da Airtel suna biyan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, kashi 2.5 cikin 100 na cinikinsu duk shekara. Cinikin nan kuwa katin da kake saye ne. Hukumar ta buɗe lamba 622 don kai kuka, kyauta ce. Idan saƙonnin talla sun dami wayar yaron, rubuta STOP ka tura wa 2442. Sannan dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye kamfani zai karɓi bayanan yaro.

Amma fa hukuma tana Abuja, yaro yana ɗakinka. Ka san da wa yake hira, da dare kuma wayar ta kwana wurinka. Allah ya shirya mana zuri'a.