Malamai da ƙarin karatu: me ke sa ma'aikaci ya zaɓi wannan jami'a ya bar waccan?

Duk farkon shekarar karatu, malaman firamare, na CEG da na lise da dama a Nijar kan shiga shawarar komawa benci don neman lisansi ko mastar a fannin koyarwa. Sai dai lissafin malamin da ke da aji da iyali ya sha bamban da na yaron da ya ci bak bara. Shi ɗalibi sunan jami'a yake bi. Ma'aikaci kuwa, tambayarsa ta farko ita ce: takardar nan za ta ƙara mini girma a aiki? Kuma da me gida zai ci kafin in same ta?

Abu na farko shi ne amincewar hukuma. Ma'aikatan gwamnati suna kashi-kashi ne, daga A zuwa D, kuma albashi yana bin kashin da mutum yake ciki. Hanyar da aka saba ita ce malami ya ci kwankur, a ba shi takardar izinin tafiya sitaj, ya yi karatu albashinsa na zuwa, in ya dawo a sake masa matsayi. Wanda ya tafi da gaban kansa ba tare da izini ba, ba lalle ne takardarsa ta canza masa kashi ba. Wannan ne ya sa makarantar horar da malamai ta ENS, da ke cikin Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ke da farin jini, don ita ce ta daɗe tana yaye malaman sakandare, masu ba da shawara kan koyarwa da masu duba makarantu. Mai son jami'a mai zaman kanta kuwa, sai ya bincika ko tana da izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi, kuma ko CAMES, majalisar da ke tantance takardun jami'o'in ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ta amince da fannin da zai karanta.

Na biyu shi ne nisa. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600, daga Damagaram kuwa ya kusa 900. Zama a babban birni yana nufin tukunya biyu, haya biyu, ga kuɗin mota duk hutu. Kafin 2010, mai neman jami'ar gwamnati dole ya nufi Yamai. A shekarar ne aka kafa na Maraɗi, Tawa da Damagaram, waɗanda yanzu ke ɗauke da sunayen Dan Dicko Dankoulodo, Djibo Hamani da André Salifou, sannan a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Jami'ar Tawa, alal misali, tana da tsangayar ilimin koyarwa. Ga malama mai goyo, ko wadda maigidanta ke aiki a jaha, kusancin nan sau da yawa shi ke yanke hukunci tsakanin karatu da haƙura.

Na uku shi ne lokaci. A tsarin LMD, lisansi shekara 3 ce, mastar 2. Amma yajin aikin malamai da na ɗalibai ya sha jan shekarar karatu a jami'o'in gwamnati har ta shiga cikin wata. Ma'aikacin da izininsa ke da iyaka, ko wanda ya fara hango ritaya, ba ya wasa da wannan. Shi ya sa wasu ke karkata ga makarantu masu zaman kansu da ke darasin yamma da na Asabar, ko da kuɗinsu ya fi yawa.

Matsalar kuɗi ta fi tsanani ga malaman kwantiragi, waɗanda abin da suke karɓa bai kai albashin cikakken ma'aikaci ba, kuma barin aji na iya janyo musu asarar gurbin. Su abin da suka fi dubawa shi ne wurin da za su yi karatu ba tare da sun ajiye alli ba, da kuma inda ake yarda a biya kaɗan-kaɗan.

Harshe ma yana da tasiri. Malaman makarantun faranko-arab sukan hangi Jami'ar Musulunci ta Say, wadda ta buɗe a 1986. Masu koyar da Ingilishi a kan iyaka kuma sukan leƙa Katsina, Kano ko Sakkwato, amma takardar da aka samo a waje sai an kai ta hukuma ta daidaita ta da ta gida kafin ta yi amfani.

Don haka, kafin malami ya biya ko dala, gara ya fara da ofishin kula da ma'aikata na ma'aikatarsa, ya tambayi takardar da ake karɓa da izinin da ake buƙata, ya kuma nemi amsar a rubuce. Sannan ya ji ta bakin waɗanda suka gama a makarantar: shekara nawa suka yi, kuma an sake musu matsayi ko har yanzu suna jira?