Dokar Ƙarfe Shida: Yadda Masu Tsiren Briqueterie Suka Ji A Jikinsu Lokacin Korona

Duk falken da harka ta taɓa kai shi Yawunde, babban birnin ƙasar Kamaru, da wuya a ce ya kwana biyu bai leƙa unguwar Briqueterie ba, wadda mutanen gari ke taƙaitawa su ce Birik. Nan ne zangon Hausawa, nan ne baƙo daga Kano ko Maraɗi ko Garwa yake sauka ya ji kamar yana gida. Sunan ya samo asali ne daga wata masana'antar bulo ta zamanin Turawa, su kuwa Hausawa tun zamanin Jamus suke shigowa garin da fatauci, kafin daga baya, a shekarun 1930, a tsugunar da su a wannan wuri. Da rana unguwar ta teloli ce da masu atamfa da shadda da turare. Amma da zarar rana ta yi sanyi sai ta koma hannun mahauta, hayaƙi ya turnuƙe, ƙamshin yaji ya cika hanya, har ta kai wani sashe na unguwar mutanen gari sun laƙaba masa suna Ma'aikatar Tsire, saboda yadda manya da ƙanana ke yin layi a wurin kamar masu jiran sa hannun minista.

To wannan kasuwa ta dare ita ce dokar gwamnati ta faɗa wa a watan Maris na 2020, kuma mun ga ya dace mu waiwayi yadda abin ya kasance, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, kuma 'yan uwanmu da ke kasuwannin kan iyaka sun ɗanɗana irinsa.

Idan mai karatu bai manta ba, ranar 6 ga Maris 2020 ne hukumomin Kamaru suka ba da sanarwar samun mutum na farko da ke ɗauke da cutar korona, wani Bafaranshe da ya sauka a Yawunde. Ranar 17 ga wata Firayim Minista Joseph Dion Ngute ya fito ya karanto matakai 13 da za su soma aiki washegari. An rufe iyakokin ƙasa da na sama da na ruwa, an rufe makarantu, an hana taron da ya wuce mutum 50, aka kuma ce a tsara shige da ficen jama'a a kasuwanni. Wanda ya fi shafar Briqueterie shi ne na mashaya da gidajen abinci da wuraren shaƙatawa, waɗanda aka ce tilas su rufe daga ƙarfe 6 na yamma, kuma hukumomin mulki na kowane yanki su ne za su sa ido. Da farko kwana 15 aka ɗiba, sai aka yi ta sabuntawa.

Wanda ya rubuta wannan doka, ko shakka babu, gidan abinci mai ƙofa da kujeru yake hangowa, wanda za a iya garƙame wa kwaɗo. Shi kuwa mai tsire ba shi da ƙofa. Tukuba ce da tebur da wuƙa a bakin titi. Haka mai shayi da teburinsa, haka mai tura baro ko kura yana sayar da dafaffen ƙwai da burodi, haka matan da ke suyar fanke da wake da koko, haka masu 'yan rumfunan abinci na gefen hanya da ake kira turnedo, wato inda mai ci yake juya wa titi baya. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da takardar ta ambata da suna. Mu da muke aikin rediyon unguwa, mu ne muka riƙa fassara sanarwar daga Faransanci zuwa Hausa da Fillanci, kuma tambayar da ta fi yawan zuwa mana a waɗannan kwanaki ita ce, shin tukubar tsire gidan abinci ce? Idan mutum ya saya aka ƙunshe masa ya tafi gida, an karya doka? Takardar ba ta faɗa ba. Abin da doka ta yi shiru a kai kuwa, mai kaki ne yake fassara shi, kuma fassararsa takan bambanta daga wannan kwana zuwa wancan, daga wannan dare zuwa na gobe. Wani a bar shi, wani a ce ya kashe wuta, wani kuma sai ya san yadda ya yi kafin a ƙyale masa kayansa.

Sai an san yadda sana'ar take tafiya kafin a gane girman ɓarnar. Tsire abincin dare ne. Mai tukuba yakan wuni yana yanka da tsirewa da barbaɗa ƙuli da yajin da a nan ake kira kankan, cinikin gaske kuwa sai bayan magariba, ya kai har tsakar dare. Yawunde tana kusa da tsakiyar duniya, saboda haka a watannin Maris da Afrilu sai wajen ƙarfe 6 da minti 20 rana take faɗuwa. Ke nan dokar ta ce a rufe tun kafin a buɗe. Ga shi kuma yawancin masu sana'ar ba da jarinsu suke yi ba. Da safe ake karɓo nama bashi daga hannun mahaucin da ya yanka a mayankar Etoudi, shi ma mahaucin sau da yawa bashin saniyar ya ɗauko daga dillali a kara, dillalin kuma yana da mai shanu da ke jiransa a Ngaundere ko can gaba wajen Cadi. Kuɗin da aka tara da dare, dala goma-goma da dala ashirin-ashirin, shi ne yake bin wannan hanya ya koma arewa. Idan dare ɗaya ya mutu, mutum huɗu ko biyar ne ba su ga kuɗinsu ba.

Nama kuma ba atamfa ba ne da za a ninke a mayar cikin shago. Wanda yake da firji yana fama da ɗaukewar wuta, wanda ba shi da shi kuwa sai dai ya karyar ko ya rabar. Wasu sun yi dabarar juya ragowar nama zuwa kilishi tunda shi yana ajiyuwa, sai dai tsakiyar Maris ne ruwan sama yake sauka a Yawunde, shanya kuwa tana son rana mai ƙarfi irin ta Marwa. Da yawa sai suka rage yawan naman da suke ɗauka, suka sallami yaran da ke taya su. Waɗannan yara, waɗanda galibinsu 'yan ci-rani ne daga arewacin Kamaru da Nijar da Nijeriya, su ne suka fi shiga tsaka mai wuya, domin ba aiki, ga iyaka a rufe, ba damar komawa gida.

Akwai wata gaskiya da ba mu cika son faɗa ba, amma korona ta fito da ita fili. Da yawa daga cikin 'yan uwanmu masu tsire a sauran unguwannin Yawunde, a bakin mashaya suke kafa tukuba, kuma masu shan giya su ne manyan masu sayensu. Da aka rufe mashaya ƙarfe 6, ko da ba wanda ya ce wa mai tsire uffan, kasuwarsa ta riga ta watse. Mai salla biyar a rana, ashe abincin gidansa yana rataye da ƙofar mashayar maƙwabcinsa.

Ba mu ce gwamnati ta yi laifi da ta ɗauki mataki ba. Cutar gaskiya ce, ta kashe mutane, kuma kafin ƙarshen Afrilu waɗanda aka tabbatar sun kamu a Kamaru sun haura 1,000. Wanda ya san Briqueterie ya san yadda gidaje suke a cakuɗe da yadda ake cunkoso a gaban tukuba. Kuma idan aka kwatanta, Kamaru ba ta taɓa yin kulle irin wanda aka yi wa Legas da Abuja daga 30 ga Maris ba, ko wanda aka yi wa Kano daga 16 ga Afrilu. Abin da muke cewa shi ne an auna dokar da agogo, alhali ita cutar ba ta duba agogo. Ta numfashi take yaɗuwa, a inda mutane suka matsu, musamman a rufaffen ɗaki. Haɗarin da ke wurin mai tsire shi ne bencin da ake zama kafaɗa da kafaɗa, da ɗan yankan ɗanɗano da ake miƙa wa kowa, da kwanon yajin da hannu goma ke shiga. A wurin mai shayi kuma kofunan da ake ɗauraye su a ruwa ɗaya. Duk waɗannan ana iya hana su ba tare da an kashe wuta ba: a ɗauke benci, a ƙunshe wa kowa nasa a takarda ya wuce, a ajiye bokiti mai famfo da sabulu. A Faransa, inda hukumominmu suka saba ɗauko samfurin doka, an rufe gidajen abinci a tsakiyar Maris ɗin nan, amma an bar su su sayar wa mai saye ya tafi da shi. A Nijeriya ma jawabin Shugaba Muhammadu Buhari na 29 ga Maris ya cire masu sarrafa abinci da rarraba shi da sayar da shi daga cikin waɗanda kulle ya hau kansu, ko da yake abin da ya faru a kan titi wani labari ne daban.

Ranar 9 ga Afrilu aka ƙara wasu matakai, ciki har da tilasta sa takunkumin rufe hanci da baki daga ranar 13 ga wata. A nan kam telolin unguwa sun ɗan sami sa'ida, domin kekunan da suka yi shiru saboda rashin biki sun koma ɗinkin takunkumi da ƙyallayen atamfa. Sai ga azumi ya kama a makon ƙarshe na Afrilu. A shekarun baya, watan Ramadan shi ne kakar masu ƙosai da kunu da masu nama a Briqueterie, tunda kowa yana neman abin buɗa baki, bayan tarawihi kuma a sake fitowa. A wannan shekarar kuwa lokacin shan ruwa ya faɗo ne bayan lokacin rufewa, dokar mutum 50 kuma ta rage sahu a masallatai.

Ranar 30 ga Afrilu Firayim Minista ya sake fitowa da matakan sassauci guda 19. Aka yarda mashaya da gidajen abinci su wuce ƙarfe 6, da sharaɗin a sa takunkumi a kuma ba da tazara. Dokar ta yi kwana 40 da ɗoriya ke nan. Masana lafiya da dama sun soki sassaucin saboda a lokacin adadin masu kamuwa hawa yake yi, amma a Briqueterie an yi hamdala, aka samu aka yi cinikin sauran azumi da na ƙaramar salla a ƙarshen Mayu.

Sai dai a duba waɗanda aka ambata a cikin rangwamen da ya biyo. An yafe wa masu tasi da 'yan acaɓa harajin wata uku, na Afrilu zuwa Yuni. An yafe wa ƙananan masu sarin kayan gona da ake kira bayam-sellam haraji da kuɗin wurin zama a kasuwa na wannan tsawon lokaci. An ɗauke wa otal-otal da gidajen abinci harajin masauki na sauran shekarar. Mai tsire fa? Lokacin hani an lissafa shi cikin masu gidan abinci, lokacin rangwame kuma ba a ga sunansa ba, domin shi ba mai otal ba ne, ba kuma ɗanyen kaya yake sayarwa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: waɗanda aka tuna da su su ne masu ƙungiya da rajista da shugabannin da ke iya shiga ofis su buga tebur. Asusun musamman na yaƙi da cutar, wanda aka ware wa sefa biliyan 180, shi ma daga baya, a 2021, sashen binciken kuɗi na Kotun Ƙoli ya fitar da rahoto da ya nuna kura-kurai masu yawa a yadda aka kashe shi.

Masu karatunmu na Kusuri da Garwa-Bulai da Kiye-Osi sun san wannan karatun. Da aka rufe iyaka, an bar manyan motocin kaya suna wucewa daga Duwala zuwa Njamena da Bangi, domin suna da takardu kuma ƙasashen biyu da tashar Duwala suka dogara. Ƙaramin ɗan kasuwa da ke tafiya tare da buhunansa biyu ko uku, shi a idon doka matafiyi ne, saboda haka ya tsaya. Ta ɓangaren Nijeriya kuma dama tun Agustan 2019 iyakar ƙasa take a rufe, sai a Disambar 2020 aka buɗe guda huɗu, wato Seme da Illela da Maigatari da kuma Mfum, wadda ke kallon Ekok ta Kamaru.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona ranar 5 ga Mayu 2023, amma a daidai wannan lokacin Yawunde tana fama da wata annobar, ta amai da gudawa, wadda ta ɓarke a ƙasar tun ƙarshen 2021. Ita wannan ta ruwa da abinci take bi, don haka duk ranar da ta sake tasowa, kan mai sayar da abinci a titi za a fara sauka, kuma a wannan karon da hujja mai ƙarfi. Shi ya sa muke ganin shugabannin mahauta da na masu shayi a Briqueterie bai kamata su jira sai an karanto doka a rediyo ba. Unguwar tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Yawunde ta biyu, ofishin magajin garin kuma yana nan Tsinga, tafiyar ƙafa ce. A rubuta sunayen masu tukuba da masu tebur da masu baro, kowa ya adana rasidin harajinsa da na kuɗin wuri, a je a zauna da jami'an tsafta tun ana zaman lafiya, a nemi su rubuta a takarda abin da ake bukata ga mai sayarwa a ƙunshe: ruwan da zai yi wanki da shi, inda zai zubar da ƙazanta, da ƙarfe nawa zai tashi. A kuma nemi a ba da kwafin takardar da hatimi, a fassara ta da Hausa da Fillanci, a liƙa a jikin kowane tebur.