Shin alhaki da "karma" abu ɗaya ne?

A Dalijan da ke ƙaramar hukumar Gwandu a jihar Kebbi, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, idan mutum ya danne gonar marayu sannan masifa ta auka masa, dattawa kan ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Wasu matasa kuwa yanzu sai su ce "karma ce", kalmar da suka tsinta a finafinan Indiya da shafukan sada zumunta. Da yawa sun ɗauka ma'anarsu ɗaya, alhali akwai bambanci babba.

Kalmar ta fito ne daga Sanskirit, tsohon harshen Indiya, kuma ma'anarta "aiki". Siddhartha Gautama, wanda ake kira Buddha, an haife shi a Lumbini da ke Nepal ta yau kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Ya koyar da cewa niyya ce ginshiƙin karma. Aikin da ya samo tushe daga kwaɗayi ko ƙiyayya ko ruɗu yana haifar da wahala, na kyauta da tausayi kuma yana haifar da alheri.

Mabiyansa sun yi imani cewa ana sake haihuwar mutum bayan ya mutu, kuma ayyukansa ne ke tsara rayuwar da zai samu. Babu wani alƙali da ke yanke hukunci, sakamakon da kansa yake tsirowa kamar iri. Shi ya sa a Tailan da Myanmar mutane ke fitowa da sassafe suna zuba abinci a ƙoƙon sufayensu, suna kuma ƙoƙarin kiyaye dokoki 5: barin kisa, sata, fasiƙanci, ƙarya da kayan maye.

A nan ne hanya ta rabu. A wurin Musulmi rayuwar duniya sau ɗaya ce, Allah ne mai hisabi, ƙofar tuba a buɗe take, kuma hakkin wani ba ya faɗuwa sai an biya shi ko ya yafe.

Haɗarin aron kalmar shi ne a riƙa kallon mara lafiya ko wanda ambaliya ta cinye wa gona a matsayin mai girbar laifinsa. Buddha kansa bai yarda da haka ba, domin ya ce wata cutar daga sauyin yanayi take, ko daga jiki. Musulunci kuma yana kallon irin wannan a matsayin jarrabawa, wadda ke wajabta wa maƙwabta jaje da taimako.