Faransanci ta kunne yake shiga

Benin, Nijar, Chadi da Kamaru, wato dukkan ƙasashen da ke da iyakar tudu da Nijeriya, ana aiki da Faransanci a ofisoshinsu da makarantunsu. Gwamnatin tarayya ta daɗe da sanin haka. A 1991 ta buɗe cibiyar koyon Faransanci a Badagry ta jihar Legas, inda ɗaliban jami'a ke zuwa su zauna cikin harshen, a 1996 kuma Janar Sani Abacha ya ayyana shi harshen hukuma na biyu. Duk da haka, yaro zai yi shekara uku yana Faransanci a ƙaramar sakandare ya fito ba ya iya tambayar kuɗin mota.

Laifin ba na yaran ba ne, na hanyar koyarwar ne. Malam zai cika allo da jadawalin aikatau, aji ya bi shi da amshi, a kwafe a littafi, a juye a takardar jarrabawa, shi ke nan. Alhali Faransanci harshe ne da rubutunsa daban, furucinsa daban. Haruffan ƙarshen kalma sau da yawa ba a furta su, kalmomi na mannewa da juna a baki har jimla ta zama kamar kalma ɗaya, ga kuma wasulan da ake fitarwa ta hanci. Wanda ya fara da ido kafin kunne, ranar da ya ji mai harshen na magana ba zai gane ko abin da ya haddace ba.

Shi ya sa nake ganin da waƙa ya kamata a fara. Mutum kan saurare ta sau da yawa ba tare da gajiya ba, amshinta kuma ya zauna masa a baki da furuci daidai. Sai dai a yi zaɓe. Amadou da Mariam na Mali, musamman a kundinsu Dimanche à Bamako na 2004, suna da waƙoƙi masu gajerun jimloli da lafazin da kunnen ɗan Afirka ta Yamma ke kamawa nan take. Haka Tiken Jah Fakoly na Kwaddibuwa, wanda ke waƙa kan siyasa da zalunci a fili, ba kewaye-kewaye. Amma wasu waƙoƙin rawa na Abidjan cike suke da karin maganar titi da ake kira nouchi, mai farawa ya bar su sai ya yi ƙwari. A saurara da farko ba takarda, a rubuta abin da aka ji, sannan a nemo baitocin a gwada.

Tatsuniya kuwa ita ce ta fi burge ni. Charles Perrault ya wallafa tatsuniyoyinsa a Faransa a 1697, kafin shi La Fontaine ya fara fitar da hikayoyin dabbobi a 1668, har gobe yaran Faransa na haddace su. Amma akwai abin da ya fi kusa da mu. A 1953 Léopold Sédar Senghor da Abdoulaye Sadji na Senegal suka rubuta littafin karatun firamare kan Leuk, zomo mai wayo, da abokin karawarsa Bouki, kura mai kwaɗayi. Sun gane cewa yaron da ya san labari tun a ɗakin kakarsa ba ya fama da ma'ana, sai dai da kalmomi kawai. Duk wanda ya tashi da Gizo da Ƙoƙi, ya san kura ba ta ƙarewa lafiya, zai hango inda labarin ya dosa tun kafin ya kai tsakiya, wannan hangen ne ke fassara masa rabin shafin ba tare da ƙamus ba. Birago Diop ma ya tattara irin waɗannan tatsuniyoyi a 1947. Abu ɗaya za a kula: littattafan nan na amfani da wani lokacin shuɗaɗɗe na rubutu wanda ba a hira da shi, a gane shi in an gani, kada a ɗauke shi zuwa kasuwa.

Bahaushe ma yana da wata riba. Kowane suna a Faransanci namiji ne ko mace, mu kuwa da haka muka tashi, abin da ke ba masu Ingilishi wahala.

Batun tafiya yana da ɗan tarko. Daga Jibiya zuwa Maraɗi ba nisa, haka daga Illela zuwa Ƙonni, amma a can kowa da Hausa zai tarbe ka, ka dawo da Faransancinka yadda ka tafi da shi. A 2025 ma Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Mai neman harshen sai ya nufi Kwatano ko Lome ko Yawunde, kuma ya daure ya fita daga zango, ya hau acaɓa, ya yi ciniki da mai tumatir, ya yarda a yi masa dariya a gyara masa. Wanda ba shi da halin tafiya, rediyon RFI na da labaran duniya cikin sauƙaƙan Faransanci a intanet, a Kano kuma akwai Alliance Française.

Wasu kan ce harshen 'yan mulkin mallaka ne, kuma gaskiyarsu. Amma da shi Abdoulaye Mamani ya rubuta littafinsa na 1980 kan Sarauniyar Lugu da ta yi fito-na-fito da sojojin Faransa a 1899. Tarihinmu ne, kuma yawancinmu a wannan gefen iyakar ba ma iya karanta shi.

Malaman Faransanci, don Allah ku ware ko da kwata ɗaya na kowane darasi ga waƙa ko tatsuniya. Wayar hannu da ƙaramar lasifika sun isa.