3.2 Matsayin Gwajin Garkuwar Jiki Wajen Gano Ciwon Barci

A wannan sashe za a yi bayani a kan gwajin jinin da ake yi domin gano ciwon barci, wato cutar da ƙudan tsando yake yaɗawa. Wannan cuta ta addabi ƙasar Zazzau a shekarun 1930, har ta sa aka gina garin Takalafiya kusa da Ancau domin raba jama'a da ƙudan.

Idan ƙwayar cutar ta shiga jinin mutum, jiki yakan samar da wasu sinadarai na garkuwa domin yaƙar ta. Su ne ake nema a wannan gwaji, ba ita ƙwayar cutar ba. Dalili kuwa shi ne, nau'in ƙwayar da ake samu a yammaci da tsakiyar Afirka yakan yi ƙaranci ƙwarai a cikin jini, ta yadda zai yi wuya a gan shi da madubin likita.

Fitaccen gwaji a wannan fanni shi ne wanda ake kira CATT, wanda aka ƙirƙiro a birnin Antwaf na ƙasar Beljiyam a shekarar 1978. Akan ɗigo jini daga yatsa a kan wani kati, a gauraya shi da matattun ƙwayoyin cutar waɗanda aka rina da shuɗi, sannan a jujjuya katin na tsawon minti biyar. Idan akwai sinadaran garkuwar, sai ƙwayoyin su dunƙule su yi gudaji-gudaji. Sauƙinsa ya sa ma'aikatan lafiya suke iya gwada mutanen ƙauye guda a cikin ɗan lokaci.

Sai dai kuma wannan gwaji rariya ce kawai, ba ya yanke hukunci. Na farko, sinadaran garkuwa sukan daɗe a jini har bayan mutum ya warke. Na biyu, wasu cututtuka kamar zazzaɓin cizon sauro sukan sa gwajin ya nuna alama alhali babu ciwon barci. Saboda haka, duk wanda gwajin ya nuna yana da alama, akan ɗebi jininsa ko ruwan kaluluwar wuyansa a duba da madubin likita, domin ganin ƙwayar ido da ido.

Muhimmancin wannan mataki ya fito fili idan aka dubi magani. Tsohon maganin nan mai suna melasofurol yana ɗauke da guba, kuma yakan kashe kimanin mutum 5 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurarsa. Ke nan ba shi ga mai lafiya ganganci ne. Ko da yake Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wani maganin haɗiya a shekarar 2019, shi ma ba a rasa shi da illa.

Bugu da ƙari, yawan masu cutar da aka ba da rahoto ya ragu daga kusan 40,000 a 1998 zuwa ƙasa da 1,000 a 2018. Gwargwadon yadda cutar take raguwa, gwargwadon yadda masu alamar ƙarya suke rinjaye a cikin waɗanda gwajin ya ware. Wannan ne ya sa tabbatarwa da madubin likita ta ƙara zama wajibi.