Cianjur: Girgizar Ƙasa Mai Maki 5.6 Da Ta Kashe Ɗaruruwan Mutane

A lissafin masana, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 5.6 matsakaiciya ce. Masu ƙarfin maki 5 zuwa 6 sukan auku fiye da sau 1,000 a duniya kowace shekara, kuma galibinsu ba sa samun ko layi ɗaya a jarida. A Indonesiya, ƙasa mai tsibirai sama da 17,000 da ke zaune a inda manyan faifan ɓawon duniya ke gogayya, mutane kan fita waje su jira ta lafa, su koma harkokinsu.

Ba haka aka yi ba ranar Litinin, 21 ga Nuwamba, 2022, a gundumar Cianjur da ke Yammacin tsibirin Jawa. Da misalin ƙarfe 1:21 na rana ƙasa ta motsa na 'yan daƙiƙu. Har a Jakarta, babban birnin ƙasar, ma'aikata sun sauko daga dogayen benaye. A Cianjur kuwa, hukumar kula da bala'o'i ta ƙasa ta ƙirga gawarwaki fiye da 330, daga baya mahukuntan gundumar suka ce adadin ya haura 600. Gidaje sama da 50,000 sun lalace, mutane fiye da 100,000 suka koma kwana a tantuna. Yara na da yawa cikin waɗanda suka rasu, domin a wannan lokacin suna cikin azuzuwa da makarantun Islamiyya.

Me ya sa matsakaiciya ta yi wannan ɓarna? Amsar farko ita ce zurfi. Cibiyar girgizar tana kimanin kilomita 10 kacal a ƙarƙashin ƙasa, kusan a gindin ƙauyukan. Ƙarfinta bai yi doguwar tafiyar da zai rage zafi ba kafin ya iso ga harsashin gidaje. Makonni bakwai bayan haka, ranar 10 ga Janairu, 2023, wata girgizar mai maki 7.6 ta auku a yankin tsibiran Tanimbar na lardin Maluku. A wannan ma'auni, ƙarin maki biyu na nufin ƙarfi ninki 1,000. Amma ita a ƙarƙashin teku take, kuma zurfinta ya kai kusan kilomita 100, don haka asarar da ta jawo ba ta ko kama ƙafar ta Cianjur ba. Wanda ya dubi lambar maki kaɗai a kanun labarai, zai ɗauka akasin haka ne ya faru.

Sai kuma ƙasar kanta. Cianjur na kwance a gindin Dutsen Gede, mai aman wuta, kuma tokar da ya zubar tun zamanin da ita ce ta sa yankin ya yi suna wajen noman shinkafa. Ƙasa mai laushi irin wannan tana ƙara wa girgiza ƙarfi, kamar yadda ruwa ke tangaɗi a cikin kwano. Damina ce kuma, tuddai sun sha ruwa, sai gefen wani tudu a Cugenang ya zaftare ya binne hanya da motoci da gidaje.

Abu na uku shi ne wanda ya fi ciwo, don yana hannun ɗan Adam. Akasarin gidajen da suka rufta na bulo ne da siminti kaɗan, ba ginshiƙai masu rodi, ba linta da ta ɗaure bango da bango, ga rufin tayil mai nauyi a sama. Indonesiya tana da ƙa'idojin gini na jure girgiza, rubutattu kuma masu kyau. Sai dai gidan ƙauye magini ne na unguwa ke ɗora shi, mai gida na sayen kaya gwargwadon aljihunsa, kuma takardar da ke ofis ba ta taɓa zuwa wurin ba. Mazauna Abuja da suka ji motsin ƙasa a Mpape a Satumbar 2018 sun san irin tambayar da mutum kan yi wa bangon ɗakinsa a irin wannan dare.

Shugaban ƙasa na lokacin, Joko Widodo, ya isa Cianjur washegari, ya yi alkawarin rufiya miliyan 50 ga duk gidan da ya rushe ƙwarai, da ƙasa da haka ga masu ɓarna kaɗan, ya kuma ce a sake gini da tsarin da zai jure girgiza.

A watan Disamba ne hukumar nazarin yanayi da girgizar ƙasa, BMKG, ta bayyana cewa tsagar ƙarƙashin ƙasa da ta jawo bala'in ba ta cikin taswirarta a da. Aka sa mata suna tsagar Cugenang, aka kuma ba da shawarar kada a sake gina gida a kanta. Iyalan da filayensu suka faɗa cikin layin, sai aka fara gina musu sababbin matsugunai a wani wuri, nesa da gonakin shinkafar da suka gada.